Ranar da Na Ce Ya Ɗaga Harshe

Rifkatu, Ishaku, Dauda, wannan babin na mahaifinku ne, kuma a kansa na fi jan ƙafa. Kun tashi da labarin cewa Malam Bitrus ya tattara nasa ya nasa ya koma Konduga, ya bar ni da yara uku a ɗaki biyu a Hausari. Ban taɓa faɗa muku haka da bakina ba, amma da matan coci suka faɗa ban gyara musu ba, har ma na ji daɗin tausayin da suke yi mini. Yanzu na tsufa, ba ni da sauran wanda zan burge. Ku karanta a hankali.

A shekarun nan ina aiki a ɗakin ba da magani na wani asibitin gwamnati. Taga ce ƙarama, ni a ciki da farar riga, mutane a waje cikin layi har gindin dogon yaro. Ina da faranti na ƙirga ƙwaya, amma ban cika buƙatarsa ba, don idan na zuba talatin a tafin hannuna ido kaɗai ya ishe ni. Wanda bai iya karatu ba sai in zana masa rana a jikin ambulan, ɗaya tana fitowa, ɗaya a tsaka, ɗaya tana faɗuwa. Na iya aikina, kuma na san na iya, abin da ya fi cutar da ni ke nan. Taga ta koya mini wani hali: duk wanda ya dawo ya ce magani bai yi masa aiki ba, tambayata ta farko ita ce, ka sha kuwa? Galibi kuma sai in kama mutum. Wannan ya sha kwana biyu ya ji sauƙi ya ajiye, wancan ya raba da maƙwabcinsa, wata ta ba akuyarta. Da haka na saba da cewa littafin magani ba ya ƙarya, mutane ne ke yi.

Mahaifinku malamin lissafi ne a firamare, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, mai goge takalminsa ko da kasuwar Litinin za shi. Shi ke yi muku wanka da safe idan ina da aikin sammako. Ni ce mai faɗa a gidan, shi kuma idan na ɗauki zafi sai ya ce, “To, Maman Rifkatu, mun ji,” ya ci gaba da duba littattafan ɗalibansa. A shekarar da aka yaye Dauda, a farkon shekarun tamanin, ya tafi Konduga gai da yayansa, baffanku Musa, wanda ke noma a can. A hanyar dawowa tayar motar ta fashe, motar ta wuntsila. Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Mutumin da ke zaune kusa da shi, wanda suke ta hira a kan farashin wake, a jikinsa ya cika. Muka yi godiya a coci, aka yi waƙa, na ɗauka an gama.

Ashe ba a fara ba. Bayan kamar wata ɗaya ya soma dawowa daga makaranta kafin a tashi. Ya ce yana tsakiyar rubutu a allo sai gabansa ya faɗi ba dalili, zuciyarsa ta kama dukan ƙirji, gumi ya keto masa, ya ji kamar yanzu zai mutu a gaban yara. Mota ta yi hon a titi sai ya dafa bango. Ya daina shiga tasi, ko'ina sai a keke. Na kai shi wurin likita, aka auna zuciya aka ce lafiya lau, fargaba ce kawai, aka rubuta masa diyazefam, 'yar ƙwayar nan rawaya da mutane ke kira ƙwayar barci. Ni da hannuna na ƙirga masa. Na ba mutanen da ba sa ƙirguwa wannan magani, na ga yadda yake kwantar da su. Har na yi masa bayani a hanya kamar yadda aka koya mana: ƙwaƙwalwa tana da nata birki da take taka wa kanta idan tsoro ya yi yawa, maganin kuma ƙara wa birkin nan ƙarfi yake yi. Na ce masa ya ba shi mako ɗaya zai manta da komai.

Mako ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Wata rana da yamma ina tsince shinkafa ya zo ya zauna kusa da ni a kan tabarma.

“Maman Rifkatu, maganin nan ba ya yi mini yadda kika ce. Ƙafafuna yake kashewa, harshena ya yi nauyi, amma tsoron yana nan. Da can idan ya zo ina iya tashi in zagaya tsakar gida. Yanzu sai ya same ni a ɗaure.”

Ban ko ɗago kai daga tiren ba. Na ce, “Kana sha kuwa?”

Ya ce yana sha. Na ce to ba a taɓa yin haka ba.

Daga ranar na soma ƙirga ƙwayoyinsa kowace safiya bayan ya fita. Lissafi yana fitowa daidai, ba ƙari ba ragi. Mai hankali da ya tsaya a nan ya ce ashe mutumin nan yana sha. Ni kuwa sai na ce, ai malamin lissafi ne, ya san zan ƙirga, zubarwa yake yi. Na duba ƙarƙashin katifa, na duba aljihun wandunansa, na tsuguna ina tona ƙasar gindin randa da tsinke kamar kaza. A haka Ya Falmata ta same ni. Ita ce mai gidan da muke ciki, tsohuwar Babarbariya, kullum tana ƙamshin turaren wuta, kuma ba ta kira na komai sai Likita, rabi girmamawa rabi tsokana. Ta tambaye ni ko zobe na yar. Da na gaya mata abin da nake nema sai ta tsaya tana kallona.

“Likita, ni ban yi makaranta ba. Amma mutumin nan naki, idonsa ba na mai ƙarya ba ne. Ni goro ɗaya yana hana ni barci, ƙanwata tana cin uku ta yi minshari. Uwa ɗaya ta haife mu.”

Na yi dariya na ce mata magani ba goro ba ne, an auna shi, an gwada shi a ƙasashen da suka fi mu. Ta ce to, Allah ya ba shi lafiya, ta ja zanenta ta shiga ɗaki.

Da ranar komawa asibiti ta zo, na bi shi har cikin ofishin likita da farar rigata. Likitan ya tambaye shi yaya jiki, kafin ya buɗe baki na amsa. Na ce ina zargin ba ya sha a kan ƙa'ida, kuma ko yana sha, ƙila ƙwayar ta yi masa kaɗan. Likitan yana da layi a waje, ga kuma ma'aikaciyar asibiti, matar mara lafiya, tana ba shi rahoto. Wa zai yarda da shi? Ya rubuta shuɗiya, mai ninkin ƙarfin rawayar. Mahaifinku yana zaune da hularsa a gwiwa. Ba na ɗora wa likitan nan komai, abin da na kai masa da shi ya yi aiki.

Shuɗiyar ta ƙara lalata al'amari. Ya soma tuntuɓe a tsakar gida, yana manta sunayen ɗalibansa. Hedimasta ya kira shi gefe ya tambaye shi ko ya fara shan giya ne, mutumin da ko burkutun ƙauyensu bai taɓa kai wa baki ba. Wani lokaci kuma sai ya kasa zama wuri ɗaya, ya yi ta murza hannu, ya daka wa Ishaku tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, sa'an nan ya koma ɗaki ya rufe fuska. Ya roƙe ni in bar shi ya daina. Na ce masa masu irin ciwonsa duk haka suke faɗa. Kun ji kalmar da na yi amfani da ita, masu irin ciwonsa. Na riga na cire shi daga mijina na sa shi cikin layin taga.

Sai safiyar wata Asabar. Muna shan koko da ƙosai a tsakar gida, ku ukun kuna kan tabarma, Ya Falmata tana shara a ƙofar ɗakinta. Na miƙa masa ƙwaya da kofin ruwa, ya karɓa ya jefa a baki ya kora. A ɗakin masu taɓin hankali na asibitinmu akwai abin da ake yi wa majinyatan da ake zargi suna ɓoye ƙwaya a kunci su tofar daga baya. Na sha ganin ana yi, ban taɓa tunanin komai a kai ba. Na tsaya a kansa da kofin a hannuna.

“Buɗe bakinka.”

Ya dube ni kamar bai ji ba.

“Buɗe in gani. Ɗaga harshe.”

Tsintsiyar Ya Falmata ta tsaya. Ke Rifkatu kina da shekara tara, kin sunkuyar da kai cikin kwanonki. Kai Ishaku dariya ka yi, don ka ɗauka wasa ne, irin wanda ake yi muku idan an ba ku maganin zazzaɓi. Mahaifinku ya dube ku ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya buɗe bakinsa, ya ɗaga harshensa, ya juya shi hagu da dama yadda zan gani da kyau. Babu komai. Ya rufe baki, ya ajiye ƙosan da ke hannunsa, ya ce, “Kin gani?” Na ce na gani. Ko a lokacin abin da ya zo mini a rai shi ne, yau dai ya sha.

Da hutun makaranta ya zo ya nemi canjin wurin aiki zuwa Konduga, aka ba shi. Bai yi faɗa ba, bai kai ƙarata wurin fasto ba. Ya ce mini yana so ya je inda babu hon ɗin mota, kuma inda idan ya ce kansa na ciwo za a ce masa sannu. Na ce ya je, idan ya gaji zai dawo. Ya ɗaure akwatinsa na ƙarfe a bayan keke, don har lokacin ba ya iya shiga mota, ya taka tun da sanyin safiya ya bi hanyar Bama. Na tsaya a ƙofar gida da Dauda a baya har ya sha kwana, ina jiran ya waiwayo in ce masa ya tsaya ya ɗauki maganinsa.

A can wata tsohuwar nas ta rage masa ƙwayar kaɗan-kaɗan har ya rabu da ita. Tsoron bai tafi gaba ɗaya ba, amma ya koyi zama da shi, yana koyarwa da safe, da yamma yana gona tare da yayansa. Kirsimeti biyu na farko ya zo a kan keke, da kaji a kwando. Duka biyun, kafin ya gama shan ruwa na tambaye shi wane magani yake sha yanzu. Daga nan zuwansa ya yi wuya. Buhunan gero da wake da ake sauke mana duk kaka, waɗanda kuke cewa na Baffa Musa, daga gonar mahaifinku suke. Na ji kuna faɗin haka, na bar ku.

Ba zan ce muku na ji daɗin shekarun da suka biyo baya ba. Kaɗaici na sha, mai yawa. Da rana ina da taga da layi da mutanen da ke ce mini Madam. Idan na dawo gida, na ba ku abinci, kuka fita wasa, sai in rasa wanda zan yi wa faɗa ya ce mini mun ji. Na kan zauna a kujerar coci da wuri ɗaya a gefena, in ɗora jakata a kai don kada a lura. Da Ya Falmata ta rasu, sai ya zamana a duk Maiduguri babu wanda ya san abin da ya faru ran Asabar ɗin nan sai ni, ku kuma kun yi ƙanana ku fahimta. Kuka girma, kuka tafi makarantu ɗaya bayan ɗaya, na koma dafa abincin mutum ɗaya a ƙaramar tukunya. Sau da yawa na yi niyyar hawa mota zuwa Konduga, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Amma idan na je me zan ce? Har lokacin a zuciyata ni ce mai gaskiya, littafi yana bayana.

A ƙarshen shekarun casa'in, ina dab da ritaya, ke Rifkatu kin gama karatun harhaɗa magunguna kina ƙarin karatu a kan yadda magani ke aiki a jiki. Kika zo hutu da tarin takardun da kika yi hoto, kina karantawa a tsakar gida. Kika tambaye ni ko na san haidurojin salfaid. Na ce wa bai san shi ba, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke tashi daga masai da tsohuwar rijiya ta kashe masu yasa. Guba ce, haka aka koya mana, aka rufe babin. Kika ce to yanzu masu bincike sun fara gano cewa jikin mutum da kansa yana yin ta, 'yar kaɗan, har a cikin ƙwaƙwalwa, kuma da alama ba datti ba ce, aiki take yi. Tana taɓa yadda jijiyoyi ke aika wa juna saƙo, tana sassauta hanyoyin jini. Kika ce wasu na tunanin idan haka ne, tana iya shafar yadda magungunan da ke aiki a ƙwaƙwalwa suke kama mutum, har da na fargaba, kuma ba lalle ne jikin kowa ya riƙa yin ta daidai da na wani ba.

Abin da littafina ya kira guba kawai, ashe yana cikin kaina ina yawo da shi shekara hamsin ban sani ba. To me kuma littafin bai sani ba? Na tambaye ki, ina ƙoƙarin in nuna kamar hira ce, ko wannan zai iya sa ƙwaya ɗaya ta kwantar da mutum ɗari ta kuma ɗaure na ɗari da ɗaya ba tare da ta cire masa tsoro ba.

“Mama, ba a kai nan ba tukuna, tambaya ce kawai ake yi. Amma ko ba iskar nan, ai an daɗe da sanin akwai waɗanda maganin ke yi wa akasin abin da ake so. Yana cikin littattafanku ma.”

Bayan kin fita na ciro tsohon littafina daga akwati. Yana nan, layi biyu da ƙananan baƙaƙe a ƙasan shafi. Har na taɓa ja masa layi da jan biro lokacin jarrabawa.

Ran Asabar ta gaba na hau mota zuwa Konduga, da takardarki a jaka. Ban gaya wa kowa ba. Na same shi a ƙarƙashin rumfar zana a ƙofar ɗakinsa yana ɓare wake, gashinsa ya yi fari fat, takalminsa a goge a gefe. Ya tashi ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa, ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Ni kuma, da yake ban iya fara magana ta wata hanya ba, sai na ciro takarda na hau yi masa lacca. Na yi masa bayanin iskar, da ƙwaƙwalwa, da birki, da yadda jiki ya bambanta da jiki. Ya saurare ni har ƙarshe yadda yake sauraron ɗalibi a allo, bai katse ni ba.

“An tabbatar da wannan?”

“Ba a tabbatar ba tukuna. Ana dai bincike.”

Ya juya ƙwayar wake a yatsunsa, sa'an nan ya kira ni da sunana.

“Hannatu, abin da ba a tabbatar ba ya taso ki daga Maiduguri. Ni kuwa na tabbatar, a jikina yake, na zauna kusa da ke a kan tabarma na faɗa miki.”

Na ninke takardar na mayar jaka, na ce masa ya yafe mini, kuma a nan na yi kukan da ban yi ba ranar da ya tafi. Ya ce ya yafe tun da daɗewa, ba don haka ba da bai samu barci a garin nan ba. Na ce to ya dawo gida, na kusa ritaya, ɗakin yana nan. Ya dubi gonarsa, ya dubi ɗakinsa, ya ce ya saba da nan, kuma ni ma na saba da can, kada mu tsufa muna koyon juna daga farko. Bai faɗa da zafi ba, da ma da zafi ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya auna mini wake a buhu, ya ɗora a keke ya raka ni tasha. Da motar ta cika, ya leƙo ta taga.

“Abu ɗaya nake roƙo. Rifkatu tana rubuto mini, Dauda bai san ni ba balle ya ji haushina. Amma Ishaku, na aika masa wasiƙa uku bai amsa ba. Ki gaya masa ban gudu ba.”

Na ce zan gaya masa. Na dawo Maiduguri da niyyar yi a makon. Kai Ishaku ka zo gida, ka zauna kana ba ni labarin yadda kake gaya wa abokanka cewa uwarka ita kaɗai ta riƙe ku, ba ka da uba sai ita. Na dube ka, na ji daɗin maganar, na ce a raina sai wani zuwan. Wani zuwan ma na ce sai wani. Damina biyu bayan haka baffanku ya aiko a ce mana Malam Bitrus ya kwanta kwana uku ya rasu. Ka ƙi zuwa jana'iza, na ce wa mutane aiki ne ya riƙe ka.

Iskar nan har yau ban san ko ita ce ta shiga tsakaninsa da ƙwayar ba, Rifkatu ta ce har yanzu ana kan bincike. Ba ta da laifi a abin da ya faru a gidanmu ko ta wace hanya binciken ya ƙare. Ishaku, mahaifinka bai gudu ba. Ya faɗi gaskiya a gidansa, matarsa ta ce ya buɗe baki ta duba. Saƙonsa ke nan, na riƙe shi har ya mutu yana zaton ka ji ka ƙi amsawa.